Jakadu a Jidda, Sarki a Riyad: Hulɗar Saudiyya da Ƙasashen Waje Daga 1926 Zuwa 1939

A watan Disamba na 1925 ne birnin Jidda ya miƙa wuya ga Abdul'aziz ɗan Abdurrahman Al Sa'ud, bayan dakarunsa sun shafe kusan shekara guda suna kewaye da ganuwar garin. Sarkin Hijaz na lokacin, Ali ɗan Sharif Husaini, ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar, daga baya ya zauna a Bagadaza wurin ƙaninsa Faisal, wanda Ingilishi suka ɗora a kan sarautar Iraƙi. Makka ta riga ta shiga hannu tun watan Oktoba na 1924, Madina kuma ta bi sahu 'yan kwanaki kafin Jidda, sannan a ranar 8 ga Janairu 1926 aka yi wa Abdul'aziz mubaya'a a Makka a matsayin Sarkin Hijaz. Cikin abin da ya gada a Jidda, ban da tashar jiragen ruwa da kuɗin fito, har da wasu baƙi waɗanda bai saba zama gari ɗaya da irinsu ba, wato ƙananan jakadun Ingila da Faransa da Holan da Italiya da Tarayyar Sobiyet da wasu ƙasashen Musulmi, kowannensu da tutarsa a saman gida da kuma buƙatun gwamnatinsa a aljihu.

Kafin wannan lokaci hulɗarsa da duniyar waje ta ƙofa ɗaya take bi. A yarjejeniyar Darin ta 1915, wadda ya ƙulla da Percy Cox, wakilin Ingila, ya yarda ba zai yi ma'amala da wata ƙasa ba sai da sanin Ingila, ita kuma ta ɗauki nauyin kare shi, ta kuma riƙa ba shi tallafin fam 5,000 duk wata har zuwa 1924. Wannan tsari ya dace da sarkin Najad, wanda ƙasarsa take can tsakiyar hamada ba kowa ne ya damu da ita ba, amma bai dace da mai riƙe da Makka da Madina ba, domin idon Musulmin duniya yana kansa, kuma mafi yawan Musulmin nan a wancan zamani suna ƙarƙashin mulkin mallakar Turawa ne. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce yadda masarauta marar kuɗi, marar ƙwararrun ma'aikata, wadda Ingila ta kewaye ta kusan ta kowace fuska, ta iya riƙe waɗannan jakadu shekara 13 ba tare da ta zama 'yar amshin shatan kowa ba.

Abu na farko shi ne wurin da aka ajiye su. Jidda ta wancan lokaci ƙaramin gari ce cikin ganuwa, mai dogayen gidaje na dutsen teku da tagogin katako, ga zafi ga gumi kusan duk shekara, kuma babu kogi babu rijiyar kirki. Ruwan sha daga wata na'ura mai tace ruwan teku yake fitowa, wadda mutanen gari ke kira kindasa, ko kuma daga ramukan da ake tara ruwan sama, a zuba a gwangwanaye a bi gida gida da shi. Manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, sai dai su tsaya can nesa a kwaso mutane da kaya a kwale-kwale. Bature wanda ba Musulmi ba yana iya yawo a cikin gari da ɗan abin da ya kewaye shi, amma hanyar Makka tana da iyakar da ba ya ƙetarewa, shiga cikin ƙasa kuwa sai da izinin sarki. Babu coci, an hana kiɗa a fili, a shekarun farko har shan taba a kan titi laifi ne. Turawan garin duka, jakadu da 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanonin jirage, 'yan gomomi ne kawai, saboda haka mutanen da gwamnatocinsu ke hamayya da juna a Turai su ne ke cin abincin dare tare, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan, domin babu wani wurin zuwa.

Gwamnatin da aka turo su wurinta kuwa ba ta cikin garin. An kafa hukumar harkokin waje a 1926, aka ɗaga ta zuwa ma'aikata a 1930 ƙarƙashin Yarima Faisal, wanda kuma shi ne wakilin mahaifinsa a Hijaz, amma mazauninta Makka ne, inda jakada Kirista ba ya shiga, da bazara kuma a koma Ɗa'if. Shi kansa sarkin mafi yawan shekara yana Riyad, tafiyar kwanaki a mota cikin rairayi, yakan zo Hijaz ne lokacin aikin haji, ya sauko Jidda na 'yan kwanaki ya karɓi gaisuwar jakadu. A sauran watannin kuwa magana ta wasiƙa ce da wayar tarho, ko kuma a jira mataimakin ministan ya sauko daga Makka. Idan jakada ya kawo maganar da ba a so, amsar ita ce za a isar wa Mai Martaba, kuma duk wanda ya san sha'anin fada ya san abin da irin wannan amsa take nufi. A ganina ba da gangan aka tsara wannan nisa tun farko ba, hukuncin addini ne da yanayin ƙasa suka haifar da shi, amma Abdul'aziz ya gane amfaninsa da wuri, ya kuma yi aiki da shi sosai. Nisan ya ba shi lokacin yin shawara, ya ba shi damar janye abin da wakilinsa ya faɗa ba tare da ya ji kunya ba, sannan ya kare shi daga malaman Najad da mayaƙan Ikhwan, wato dakarunsa na ƙabilu masu tsananin riƙo da addini, waɗanda ba za su ji daɗin ganin tutocin Nasara a Riyad ba.

Mutanen da ya sa tsakaninsa da jakadun ma abin lura ne, domin kusan babu ɗan Najad a cikinsu. Abdullahi Damluji likita ne daga Mosul, Fu'ad Hamza ɗan Lebanon ne, Yusuf Yasin ɗan Siriya daga Latakiya, Hafiz Wahba kuma Bamisre, wanda aka tura Landan a 1930 ya zama jakadan ƙasar a can. Sun san harsunan Turawa da salon rubutun yarjejeniya, amma ba su da dangi ko ƙabila a ƙasar da za su jingina da ita, saboda haka darajarsu duka daga sarki take. A gefe guda akwai John Philby, tsohon jami'in Ingila wanda ya bar aikin gwamnati ya zauna a Jidda yana dillancin motocin Ford, ya musulunta a 1930 ya ɗauki sunan Abdullahi, daga nan ya sami shiga majalisar sarki a Makka da Riyad, wuraren da jakadan ƙasarsa ba ya iya kai wa.

Ƙasar da ta fara amincewa da sabuwar sarautar ita ce wadda ba a zata ba, wato Tarayyar Sobiyet, a watan Fabrairu na 1926, kafin Ingila da Faransa da Holan su biyo baya. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, su kuwa mahukuntan Mosko da ba su da ɗan gari sai suka turo Musulmi: Karim Hakimov, Batatare mai jin Larabci, wanda yake Jidda tun 1924, bayansa kuma Nazir Turakulov daga 1928. Da yake su Musulmi ne suna iya shiga Makka su gana da sarki ido da ido, kuma wannan ya dami Ingilishi da Holanawa ƙwarai, saboda tsoron kada a yi amfani da taron haji a cusa wa Indiyawa da mutanen Jawa ra'ayin tawaye. Sarkin ya karɓi amincewar, ya karɓi fetur da kananzir bashi a 1931, ya kuma tura ɗansa Faisal Mosko a 1932, amma bai taɓa barin hulɗar ta wuce inda za ta ɓata masa da Ingila ba. Amfaninta a wurinsa shi ne Ingila ta san ba ita kaɗai ce a ƙofa ba.

Wannan ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Jidda, wadda ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Zagayen farko na tattaunawa da Ingila a ƙarshen 1926 ya watse, sai aka turo Gilbert Clayton, wanda ya riga ya san sarkin tun yarjejeniyoyin Hadda da Bahra na 1925 kan iyakokin Iraƙi da Gabashin Urdun. A ranar 20 ga Mayu 1927 Clayton da Yarima Faisal suka sa hannu. Ingila ta amince da cikakken 'yancin ƙasar, yarjejeniyar Darin ta faɗi, sarkin kuma ya yi alkawarin zaman lafiya da Kuwait da Bahrain da shugabannin Ƙatar da gaɓar Oman, waɗanda ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Gatan da Turawa suka samu tun zamanin Turkawa, na cewa a ofishin jakadansu ake yi wa mutanensu shari'a, sarkin ya ƙi yarda da shi, kuma a aikace ya mutu daga nan. Maganar Aƙaba da Ma'an, garuruwan da yake ganin na Hijaz ne amma Ingila ta haɗa su da Gabashin Urdun, ba a warware ta ba, sai aka bar ta cikin wasiƙun da aka yi musaya, kowa ya rubuta matsayinsa, aka bar abin yadda yake. Wa'adin yarjejeniyar shekara 7 ne, aka kuma sabunta ta a 1936.

Wanda ya karanta sassan yarjejeniyar zai ga cewa wuri mai yawa ya tafi kan alhazai, kuma nan ne ainihin aikin yau da kullum na ofisoshin Jidda. An rubuta cewa za a sauƙaƙa wa talakawan Ingila Musulmi aikin haji a kuma kare su kamar sauran alhazai, sannan kayan wanda ya rasu ba shi da wakili a miƙa wa ofishin Ingila don a kai wa magadansa. Ƙasar Holan ba ta da wata babbar siyasa a yankin Larabawa, amma ofishinta na cikin mafi yawan aiki a Jidda, domin a hajin 1927 kaɗai sama da mutum 50,000 suka zo daga tsibiran da ake kira Indonesiya yanzu. Ƙaramin jakadanta Daniel van der Meulen yana Jidda, mataimakinsa ɗan Jawa kuma yana zaune a Makka. Ingila ma tana da mataimakin jakada Ba'indiye Musulmi da likita, Faransa kuma tana kula da alhazan Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Afirka ta Yamma. Fasfo, tikitin komawa, killace masu cuta a tsibirin Kamaran, ƙorafi a kan muɗawwifai da masu raƙuma, kuɗin da aka ƙara wa alhazai bana, waɗannan su ne suka cika rahotannin da ake aikawa Landan da Hague da Paris, fiye da maganar yaƙi ko iyaka.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Mutanenmu na ƙasar Hausa da Borno ba a manyan jiragen kamfani suke zuwa ba, da ƙafa da jakai suke bi ta Chadi da Darfur, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin Sudan shekara da shekaru, wasu su ratsa ta Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kafin su kai Suwakin. Da yawa ba su da takarda, kuma don gudun kuɗin killacewa da na jirgi sukan ƙetare Bahar Maliya a ƙananan jiragen iska su sauka a gaɓar da ba hukuma. A Hijaz ana kiran su Takari, suna zaune a bukkoki a bayan ganuwar Jidda da gefen Makka, suna dako da ɗiban ruwa don tara kuɗin komawa. A idon doka waɗanda suka fito daga Nijeriya 'yan kariyar Ingila ne, na Nijar da Chadi kuma na Faransa, amma mutumin da ya bar Katsina shekara goma da suka wuce, ba shi da fasfo, 'ya'yansa an haife su a hanya, wa zai ce ga ƙasarsa? Gwamnatin Nijeriya ta mulkin mallaka ta damu da wannan hanya saboda tsoron aƙidar Mahadiyanci, har ta tura jami'inta G. J. Lethem ya zagaya Sudan da Jidda da Alƙahira a tsakiyar shekarun 1920 don ya ga abin da alhazai ke kwasowa.

Mafi ɗacin wannan fanni shi ne bauta. Ana sayar da bayi a Hijaz a lokacin, kuma cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma da aka sato ko aka sayar a hanyar haji suna yara. Yarjejeniyar Jidda ta ɗora wa sarkin haɗa kai wajen hana fataucin bayi, sannan a wata wasiƙa ta daban Ingila ta riƙe ikon da take da shi tun da, na 'yanta duk bawan da ya gudo ya shiga ofishinta, yawanci a sa shi a jirgi zuwa Fot Sudan. Wannan iko ya zama ƙaya a maƙogwaron masarautar, domin yana nufin akwai gida a cikin ƙasar da hukuncin sarki ba ya shiga, kuma wani lokaci bawan da ya gudo na manyan gari ne. A 1936 aka yi ciniki: gwamnati ta fitar da dokar da ta taƙaita shigo da bayi ta kuma ba su wasu haƙƙoƙi, Ingila kuma ta sauka daga ikon 'yantawa. Ta fuskar mulkin kai nasara ce ga Riyad, amma wanda ya biya kuɗinta shi ne bawan da aka rufe wa ƙofar da ya sani, domin ba a haramta bauta gaba ɗaya ba sai a 1962.

Da 'yan'uwa Larabawa ma ba a zauna lafiya da sauƙi ba. A hajin 1926 mayaƙan Ikhwan suka far wa ayarin Mahmal na Masar, wanda ke kawo rigar Ka'aba, a Mina, saboda suna ganin begilar da sojojin rakiya ke busawa bidi'a ce, sojojin suka buɗe wuta aka kashe mutane da dama. Daga nan Sarki Fu'ad, wanda dama yake da burin halifanci, ya ƙi amincewa da sabuwar sarautar, aka kafa masaƙar rigar Ka'aba a Makka maimakon jiran ta Alƙahira, kuma ba a daidaita ba sai a watan Mayu na 1936, bayan rasuwar Fu'ad. A arewa kuwa 'ya'yan Sharif Husaini biyu ne ke mulki, Faisal a Iraƙi da Abdullahi a Gabashin Urdun. Hare-haren da Ikhwan suka riƙa kaiwa ƙetaren iyakar Iraƙi daga 1927 sun kusa haɗa Abdul'aziz faɗa da jiragen saman Ingila, har sai da ya murƙushe su a Sibila a watan Maris na 1929, Ingilishi kuma suka miƙa masa jagoransu Faisal Dawish a farkon 1930. Wata guda bayan haka ya gana da Sarki Faisal na Iraƙi a cikin wani jirgin yaƙin Ingila a tekun Fasha, tun da babu wanda zai yarda ya taka ƙasar ɗan'uwansa. A wannan shekara ce Ingila ta ɗaga ofishinta na Jidda zuwa cikakken ofishin jakadanci, ta turo Andrew Ryan.

Sai karayar tattalin arzikin duniya ta zo ta taɓa jijiyar da masarautar ke rayuwa a kanta. Alhazan ƙetare, waɗanda suka haura 100,000 a ƙarshen shekarun 1920, suka ragu zuwa kimanin 20,000 a 1933, albashin ma'aikata ya maƙale watanni, basussuka suka taru. A rangadin Turai na 1932 Yarima Faisal da Fu'ad Hamza sun nemi rance a Landan ba su samu ba, kuma a watan Satumba na shekarar ne aka haɗa Hijaz da Najad da sunan Masarautar Saudiyya, baitulmali kuwa babu komai. Wannan yunwa ce ta buɗe wa Amurkawa ƙofa. A tattaunawar man fetur da aka yi a Jidda a 1933, tayin kamfanin man Iraƙi da Ingilishi ke jagoranta bai kai ko kusa da abin da ministan kuɗi Abdullahi Sulaiman yake nema ba, kamfanin Standard Oil na Kalifoniya kuwa, wanda Philby ke yi wa aiki ta bayan fage, ya yarda ya biya da zinariya. Aka sa hannu ranar 29 ga Mayu, aka kawo fam 35,000 na zinariya aka ƙirga su a bankin Holanawa da ke Jidda. Jakadun da ke garin ba su ɗauki abin da girma ba, domin kaɗan ne suka yarda akwai mai a Ahsa, yankin gabashin ƙasar.

Ragowar shekarun sun tafi ne wajen auna nauyin Ingila da na Italiya. Italiya tana riƙe da Eritiriya a ɗaya gaɓar Bahar Maliya, tana kuma da yarjejeniya da Imam Yahaya na Yaman tun 1926. Lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Saudiyya da Yaman a 1934 dakarun Yarima Faisal suka kama Hudaida, jiragen yaƙin Turawa suka bayyana a bakin tashar, sarkin ya tsaya a nan, ya ƙulla sulhun Ɗa'if, ya riƙe Asir da Najran ya mayar da Hudaida. A yaƙin Habasha bai goyi bayan kowa ba, ya karɓi jiragen sama da horon matuƙa daga Italiya, a lokaci guda yana jayayya da Ingila kan iyakar kudu maso gabas, maganar da ta kai Ryan har Riyad a ƙarshen 1935 ba tare da an cimma matsaya ba. Kan Falasɗinu ya sa baki tare da sauran sarakunan Larabawa aka janye yajin aikin 1936, ya kuma tura Faisal taron Landan na 1939, amma bai bari lamarin ya raba shi da Ingila ba. Jakadan Jamus Fritz Grobba ya zo Jidda a farkon 1939, wakilin sarki Khalid Alhud kuma ya gana da Hitler a watan Yuni kan sayen makamai, sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke kafin maganar ta je ko'ina.

Ofishin Sobiyet bai kai wannan lokaci ba. An kira Hakimov, wanda aka sake turowa Jidda bayan Turakulov, gida a 1937, shi da Turakulov duka aka kashe su a kisan gillar da Stalin ya yi wa jami'ansa, aka rufe ofishin a 1938, kuma ba a maido da hulɗar ba sai a 1990. A watan Maris na 1938 ɗin ne rijiya ta 7 a Dammam ta ba da mai, a watan Mayu na 1939 sarkin da kansa ya je Ras Tanura ya buɗe bututun da ya cika jirgin dako na farko. Amurka, wadda ta amince da ƙasar tun 1931, har zuwa lokacin ba ta da jakada mazauni, daga baya jakadanta na Alƙahira aka haɗa wa aikin, kuma sai a 1942 ta buɗe ofishi. Ita ma a Jidda aka ba ta wuri, kusa da sauran, inda ofisoshin jakadanci suka ci gaba da zama har shekarun 1980, lokacin da aka kwashe su zuwa Riyad.